Wasan Camama: Ibro da Abokan Wasansa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna kawar da kai daga finafinan da ake kira camama, bisa zaton cewa shirme ne kurum wanda bai cancanci alƙalamin malami ba. A nawa ganin wannan zato bai yi wa fannin adalci ba, musamman idan aka dubi aikin marigayi Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ibro, tare da abokan wasansa.

An haifi Ibro a Ɗanlasan ta ƙasar Kano a 1971, ya kuma rasu ran 10 ga Disamba, 2014. Kafin ya duƙufa ga wasa ya yi shekaru yana aikin gandiroba a gidan yari. Wannan batu ba ƙarami ba ne ga mai nazari. Mutumin da ya zauna yana kallon yadda ƙaramin laifi ke jefa talaka bayan kanta, ba mamaki in barkwancinsa ya riƙa kewaya bashi da yunwa da ƙarya da gaban alƙali. Sau da yawa tauraron wasan mayunwaci ne mai wayon banza: ya ƙulla dabara, dabarar ta tsinke, ya sha duka ko kunya. Mai kallo yana ƙyaƙyatawa, amma abin da ake nuna masa abin kuka ne.

Su wane ne masu kallon? Zamanin da fim ɗin bidiyo ya kafu a Kano, wato daga 1990 zuwa gaba, shi ne kuma zamanin da masana'antun Sharaɗa da Calawa da Bompai suka shiga durƙushewa, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wutar lantarki. Magidanta da samari na unguwannin Kumbotso irin su Fanshekara da Sheka, waɗanda masaƙu da majemu suka sallama, wasunsu suka koma acaɓa, ba sa bukatar a fassara musu halin mutumin da ke ɓuya wa mai bin sa bashi. Finafinan soyayya suna nuna musu gidajen da ba za su taɓa shiga ba. Camama kuwa zaurensu take nuna musu.

Ta fuskar zubi da tsari, kuskure ne a auna waɗannan wasanni da ma'aunin rubutaccen wasan kwaikwayo. Labarin sirara ne, an rataya masa guntayen fitowa waɗanda kowannensu ke iya tsayawa da ƙafarsa, kuma akasarin maganar a bakin kyamara ake ƙirƙiro ta. Asalin wannan salo yana wajen 'yan kama, waɗanda Gidley ya yi nazarin sana'arsu tun 1967: su ma sukan ari muryar malami ko ta mawaƙi su juya ta zuwa zancen tuwo da miya. Ibro ya ɗauki wannan dabara ta kwaikwayon manya ya faɗaɗa ta har ta ƙetare teku. A fim ɗin Ibro Usama na 2002 ya fito a matsayin Usama bin Laden, a lokacin da ake manna hoton mutumin a jikin motoci da babura a Kano, kuma ba kowa ke da ƙarfin halin mayar da sunan abin dariya ba.

Shi kuwa irin wannan wasa ba ya yiwuwa da mutum guda. Dole a sami wanda za a cuta, da wanda zai tona asiri, da dattijon da zai zo sulhu ya ƙara dagula lamari. Nan ne amfanin su Yautai da Ciroki da Katakore da Gatari da Baba Ari, da kuma Daushe da Bosho. Kowannensu ya riƙe kama guda da murya guda, har sunan wasa ya binne sunan yanka. Wannan ya ba su farin jini, amma ya ɗaure su, domin ɗan wasan da jama'a suka san shi da fuska ɗaya da wuya su karɓe shi da wata. Bayan rasuwar Ibro, Bosho yana cikin waɗanda suka ci gaba da jan fim da sunansu, sai dai ba a sake samun wanda sunansa kaɗai ke sayar da kaset kamar na marigayin ba.

Ba a rasa abin zargi. Akwai maimaici mai gundura, akwai jan fitowa don a cika kaset, sannan akwai ba'a ga Bagwari da Bafulatani da naƙasasshe wadda a wasu wurare ta zarce iyakar wasan barkwanci na taubasantaka ta koma cin fuska. Mai yi wa azzalumi dariya da mai yi wa gurgu dariya ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da a fim ɗaya suka haɗu.

A 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna, lamarin da ya yi kama da ɗaya daga cikin wasanninsa. Yawancin waɗannan wasanni a kaset da faifai suka fito, kuma duka biyun ba sa jure zafi da ƙurar Kano. Ɗalibin da ke son rubuta kundi a kansu sai ya fara da bin tsofaffin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai tun akwai sauran abin da za a tarar.