Rijiyoyin Salaga Sun Hana Ni Barci

Wallahi na daɗe ban ga littafin da ya kama zuciyata kamar The Hundred Wells of Salaga ba, wato rijiyoyin Salaga ɗari, wanda Ayesha Harruna Attah ta rubuta, kamfanin Cassava Republic ya buga a 2018. Na buɗe shi bayan Isha'i da niyyar karanta babi biyu in kwanta. Ban ankara ba sai kiran assalatu na ji, shayin da na haɗa yana gefena ya huce, ko kurɓa ban yi ba.

Tun ina 'yar makaranta nake son labaran soyayya na zamanin da, amma yawancin waɗanda suka faɗo hannuna a fadojin Ingila da Faransa suke. Wannan kuwa a ƙofar gidanmu aka yi shi! Salaga ce, da Kpembe, da Kete-Krachi, da hanyar Gwanja wadda fataken Kano suka riƙa bi da jakuna neman goro. Marubuciyar ta kafa labarin a kan yaƙin basasar Salaga na 1892, lokacin da Ingila da Jamus ke zawarcin ƙasar.

Mata biyu ne ke riƙe da shi, kowacce da babinta. Aminah 'yar mai ɗinkin takalma ce, tana sayar wa ayari masa a ƙauyensu, har daren da mahaya suka ƙone garin suka tafi da ita da ƙannenta. Wurche kuwa 'yar sarauta ce ta Gwanja, mai hawan doki, mai son a dama da ita a shawarar mulki, amma mahaifinta ya aurar da ita ga Adnan, ɗan sarautar Dagomba, don ya sami abokan yaƙi. Allah sarki Wurche! Ina ƙaunarta duk da taurin kanta, har ranar da ta sayi Aminah a kasuwa, ranar da na ajiye littafin na yi ta huci.

Sai Moro. Kyakkyawa ne, mai taushin magana, kuma sana'arsa farautar bayi. Wurche ta mutu a kansa, shi kuma idonsa na kan Aminah. A nan na sara wa marubuciyar, domin ba ta wanke shi ba, ba ta kuma hana mu ganin mutum a cikinsa ba. Kana tausaya masa, kana tuna igiyar da ya ɗaura a wuyan 'ya'yan mutane. Soyayyar ba ta rufe bautar ba ko da shafi ɗaya.

Mu 'yan Paga wannan ba tatsuniya ba ce a wurinmu. Da na gama karatun na je sansanin bayi na Pikworo a Nania, na durƙusa na sa tafin hannuna a ɗaya daga ramukan da aka fafe a jikin dutse, inda ake zuba wa bayi abinci kafin a kora su Salaga. Dutsen da zafi rau. Aminah kawai nake gani, hawaye na zuba. Kabarin Babatu, jagoran mahayan Zabarmawa masu farautar bayi, yana nan a Yendi har yau. Ita kanta Ayesha ta ce wata kakar kakanninta baiwa ce da aka kai kasuwar Salaga.

Akwai ci gabansa, The Deep Blue Between, na 2020, a kan tagwayen ƙannen Aminah, Hassana da Husseina. Don Allah, marubutanmu na Kano da Zariya, wani ya fassara mana littattafan nan biyu da Hausa, iyayenmu mata na zangon Salaga da Bawku su ji labarin da kunnensu.