Jinjina ga Masu Raino

A gidajenmu ba uwa kaɗai jariri ke sani ba. Akwai kaka, musamman ga ɗan fari da uwa ke jin kunyarsa, akwai kuma yarinyar da ke goya shi da majanyi tana shara, tana jijjiga shi in ya motsa. Ba a cika yaba musu ba, amma a hannunsu yaro ke koyon yarda da mutane.

Ya yi kuka, a zo. Ya jiƙe, a canza masa. Ya ji yunwa, a miƙa shi ga nono. In an yi ta haka kullum, sai ya sa rai cewa kukansa na da mai amsawa. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya ce wannan yarda ce matakin farko a girman mutum, cikin kusan wata 18 na farko. Wata masaniyar kuwa, Mary Ainsworth, ta bi iyalai a ƙauyukan kusa da Kampala daga 1954 zuwa 1955, ta ga yaron da ya aminta da uwarsa yakan rarrafa ya bincika ɗaki, yana waiwayenta.

Ƙiwar da yaro ke farawa wajen wata 8 tana ɓata wa baƙi rai, ko da yake alama ce ta ya bambanta nasa da bare. Gwanar raino ba ta cusa shi a hannun baƙo dole. Takan riƙe shi a cinya tana hira da baƙon, sai ya sake sannan ta miƙa shi.