Jagoran Wasa: Gwanin da Ke Gina Duniya Ya Damƙa Ta a Hannun Wasu

A shekarar 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ta Amurka, aka buga kwafi 1,000 na wani sabon wasa, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro. Kayan wasan ba su da yawa: tebur, takarda, fensir da dayis irin wanda ake jefawa a ludo, sai dai nasu kala-kala ne, akwai mai fuska 4, 6, 8, 12 har zuwa 20. Mutum huɗu ko biyar sukan zauna, kowa ya ɗauki rayuwar mutum guda a cikin labari, wani mayaƙi, wani ɓarawo, wani mai sihiri, wani firist. Mutum ɗaya ne kawai ba shi da jarumin kansa. Shi ne jagoran wasa, kuma duk sauran duniyar tana bakinsa: sarki da almajiri, dodo da damina, ƙofar da ke kulle da abin da ke bayanta.

Aikin wannan jagora fasaha ce mai wuyar gaske. Kaka mai tatsuniya ta san inda Gizo zai ƙare tun kafin ta buɗe baki, jikoki kuwa nasu sauraro ne. Jagoran wasa yana ba da labarin da masu sauraro ke da hannu a ciki, kuma shi kansa bai san ƙarshensa ba. Zai kwatanta wuri, ya ce ga gada a karye, ga kogi ya cika, ga kukan yaro daga ƙetare, sannan ya yi tambayar da wasan gaba ɗaya ya rataya a kanta: "To, me za ku yi?" Daga nan sai ya yi shiru ya saurara.

Kafin zama, gwanin jagora yakan shirya mutane da dalilansu fiye da yadda yake shirya abin da zai faru. Ya san me hakimin garin yake so, me yake tsoro, wa yake bin bashi. Idan ya san wannan, duk ta inda 'yan wasa suka ɓullo yana da amsa. Wanda bai ƙware ba yakan rubuta labari tun daga farko har ƙarshe, ya tilasta wa kowa bin sawu. Masu wasan suna kiran wannan ɗora mutane a kan layin dogo, kuma babu abin da ke kashe musu gwiwa kamarsa.

Sai batun adalci. Idan ɗan wasa ya ce zai tsallake gadar, jagora ne ke yanke yawan wuyar abin. A ƙa'idojin yanzu, 10 abu ne mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Ɗan wasa ya jefa dayis mai fuska 20, ya ƙara makin ƙwarewar jaruminsa, in ya kai ya tsallake, in bai kai ba ya faɗa ruwa. Gwaninta tana cikin abin da ke biyo baya. Jagora nagari ba ya barin faɗuwa ta tsayar da labari. Ruwa zai ja jarumin zuwa bakin wani kogo da ba wanda ya san da shi, sai faɗuwar ta zama sabuwar hanya. Yana kuma lura da fuskokin da ke teburin, ya ga wanda ya yi shiru tun ɗazu ya jawo shi ciki, ya rage wa mai yawan surutu fili ba tare da ya kunyata shi ba.

Alaƙar wannan wasa da addinin Kirista ta faro ne tun daga tushe. Gygax ya yi shekaru cikin Shaidun Jehobah, Arneson ma Kirista ne. Duk wanda ya san Littafi Mai Tsarki, in ya duba ikon da aka ba firist a littattafan farko na wasan, zai gane inda aka samo su: mayar da sanduna macizai, raba ruwa, annobar ƙwari, samar da abinci, ta da matattu. Labaran Musa ne da Iliya da Elisha. A 1975 aka ƙara paladin, jarumin da ya yi alwashin tsarki, mai warkarwa ta ɗora hannu, wanda ikonsa ke suɓucewa in ya aikata mugunta da gangan. Duniyar dodanni da dogayen tafiye-tafiye kuwa ta sha ruwa sosai daga littattafan J.R.R. Tolkien, ɗan Katolika mai riƙo da addini, wanda ya taimaka wa abokinsa C.S. Lewis ya koma ga bangaskiya a 1931.

Duk da haka, a shekarun 1980 wasan ya sha suka mai zafi daga wasu ikilisiyoyin Amurka. Tun a 1979 wani ɗalibi mai shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan, jaridu suka ɗora laifin a kan wasan, daga baya aka gano ɓatansa ba shi da alaƙa da shi. Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a 1982, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan mai suna BADD a 1983, bayan ta yi imani cewa shi ne sanadi, sai dai kotu ta kori ƙararrakin da ta shigar. A 1984 Jack Chick ya fitar da ɗan littafin zane mai suna Dark Dungeons, wanda ya nuna wasan a matsayin ƙofar shiga tsafi. Matsin ya kai kamfanin TSR mai buga wasan ya cire sunayen aljanu da shaiɗanu daga bugun 1989. Tsoron iyayen ba abin raini ba ne, domin Littafi Mai Tsarki ya hana sihiri da duba a fili, kuma uwa mai makoki tana neman dalili. Amma ɗan wasan da ya ce jaruminsa ya jefa wuta, lamba ya jefa a tebur ya yi lissafi. Babu abin da ya kira, babu abin da ya bauta wa.

Wasu Kiristocin sun zaɓi yin nasu wasan. A 1984 Dick Wulf ya fitar da DragonRaid, inda halayen jarumi suka ginu a kan 'ya'yan Ruhu tara da ke cikin wasiƙar Galatiyawa, su ƙauna da haƙuri da kamunkai, kuma ɗan wasa yakan haddace ayoyi ya karanta a madadin sihiri. Wasu kuma suka zauna cikin wasan na asali suka kawo bangaskiyarsu cikin yadda suke jagoranci. Fasahar waɗannan ce ta fi burge ni.

A laccar da ya gabatar a Jami'ar St Andrews ta Scotland a 1939, Tolkien ya yi bayani cewa ɗan Adam yana ƙirƙirar duniyoyin labari ne domin an yi shi cikin kamannin Mahalicci, ƙaramin mai ƙira ne a ƙarƙashin Babba. Jagora Kirista da ya fahimci wannan yakan ga aikinsa da wani ido. Ya gina duniya mai doka da oda, ya sa mutane a ciki, ya ba su 'yancin zaɓi na gaske, har da 'yancin yin kuskure, sannan ya bar kowane zaɓi ya haifi abin da zai haifa. Yin haka yana buƙatar danne zuciya, domin yana da ikon juya komai da kalma ɗaya, amma ya ƙi.

Ga yadda abin yake a aikace. A ce 'yan fashi sun kwashe hatsin wani ƙauye, jarumai suka bi sawu suka kama ɗaya, saurayi ne ramamme. Jagora ya sauya murya, ya yi magana da bakin yaron: yunwa ce, ƙannensa uku na gida, shugaban 'yan fashin ya yi masa barazana. Nan take tebur ya rabu. Mai riƙe da mayaƙi ya ce, "Ku bar ni da shi, in muka sake shi zai tona mana asiri." Mai paladin ta ce, "Haba, yaro ne fa. Ni na tsaya masa." Jagora mai gaggawa zai tsoma baki ya yi wa'azi a kan gafara. Gwani yakan kame bakinsa ya bar su su yi gardama, ya kuma rubuta abin da suka yanke. In sun sake shi, wataƙila bayan makonni, lokacin da suke kulle a kurkukun 'yan fashin, shi ne zai zo da mabuɗi. Wataƙila kuma ya ci amanarsu, su ɗanɗana cewa jinƙai yana da tsada, ba ciniki ba ne da ake tabbatar da riba. In sun kashe shi, za su haɗu da mahaifiyarsa a kasuwa tana tambayar matafiya ko sun ga ɗanta. Tolkien ya bi irin wannan hanya a labarinsa da wani mugu mai suna Gollum, wanda jarumai biyu, Bilbo da Frodo, suka ji tausayinsa suka bar shi da rai, kuma a kan wannan tausayi ƙarshen labarin duka ya rataya.

Barin mutum ya yanke da kansa ita ce hanyar misalan Yesu. Da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, labarin Basamariye ya bayar, ya mayar wa mai tambaya da tambayarsa ya amsa da kansa. Abin da mutum ya yanke da bakinsa ya fi zama a zuciyarsa fiye da abin da aka faɗa masa.

Gwanin jagora ba ya wanke mugunta ta zama abin sha'awa, ba ya kuma rage mata kaifi har ta zama abin dariya. Azzalumin sarkinsa yana da dalilai masu kama da gaskiya, jarabarsa tana da zaƙi, domin in babu jaraba ta gaske babu nagarta ta gaske. Yana kuma mutunta lamirin kowa. Kafin a fara dogon labari, yakan keɓe zama guda a tattauna abin da kowa zai iya ɗauka. In akwai wanda zancen aljanu ko sihiri ke damun zuciyarsa, sai a sauya, a yi labarin da babu su. Manzo Bulus ya koyar da haka game da abinci, cewa kada 'yancin wani ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwansa, kuma jagora nagari ya san cewa mutanen da ke zaune a teburin sun fi labarinsa daraja.

Shi ya sa a yau ake samun fastoci da shugabannin matasa a Amurka da Ingila suna jagorantar irin wannan wasa a ɗakunan coci. Sun gano cewa sa'o'i uku ko huɗu a tebur ɗaya, babu waya a hannu, suna koya wa matasa sauraro, haƙuri da juna da ɗaukar nauyin abin da suka zaɓa. Ana gane jagoran da ya iya aikinsa ne bayan an tashi, in 'yan wasa suka fita suna ta muhawara a hanya kan ko daidai suka yi wa yaron nan, kowa na kawo hujjarsa da gaske, har wani ya ce a bari sai mako mai zuwa a ga abin da zai biyo baya.