Wanda Ya Daina Fa, Ina Muka Sa Shi? Sharhi a kan wasanmu na ƙwaya da wasu finafinai biyu

Ranar 26 ga watan Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, mun yi wasan kwaikwayo a filin lakwal ɗinmu a nan Magarya. Mu uku muka rubuta shi, ni na rubuta fitowa ta ƙarshe. Labarin kun san shi, ko ba ku zo ba kun taɓa ganin irinsa: yaro mai hankali, abokan banza, ƙwaya ɗaya, sai sata, sai zagin iyaye, sai hauka. Wanda ya fito a matsayin ɗan ƙwaya ya ɗaura igiya a ƙugu, ya shafa toka a fuska, yana tangaɗi yana magana ta hanci. Fili ya kaure da dariya. Daga ƙarshe ya faɗi ya mutu, liman ya fito ya yi nasiha, aka tafa, mushe ya ce mun yi ƙoƙari.

Can bayan fili, gindin wani dogon yaro, ɗan wan babana yana zaune kan babur ɗinsa na kabu-kabu. Ni na gayyato shi. A lokacin watansa uku ke nan bai sha tramol ba, bayan ya shekara huɗu yana sha. Da aka tashi na je wurinsa baki har kunne, na ce, "Yaya, ya ka ga wasan?" Ya ce, "Ya yi kyau, ƙanena. Amma wanda ya daina fa, ina kuka sa shi?" Ya tada babur ya yi gaba.

Tambayar nan ce ta hana ni sakat har na ɗauki biro. Zan duba wasan namu, in haɗa shi da finafinai biyu da da yawa daga cikinmu muka kalla a waya, don mu gane inda muka kuskure.

Na farko shi ne Sweet Sweet Codeine, binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar ranar 30 ga Afrilu 2018. Ƴar jarida Ruona Meyer, wadda ɗan'uwanta na jini ya faɗa shan maganin tari mai kodin, ta bi sawun kwalabe tun daga hannun wasu ma'aikatan kamfanonin magani da ke sayarwa ta bayan fage har zuwa unguwannin Kano. Washegari, 1 ga Mayu, gwamnatin Najeriya ta hana yin wannan magani da shigo da shi. Ban san rubutu ko fim da yawa da suka yi tasiri cikin kwana ɗaya haka ba, kuma dole mu sara wa wannan aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya nuna yatsa. Mu a wasanmu mun ɗora laifi duka a kan "abokan banza". Shi kuwa fim ɗin ya nuna cewa bayan yaron da ke tangaɗi a kwararo akwai mai kwat da ke ƙirga riba.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Najeriya ne. Tun kafin fim ɗin, a 2017, Majalisar Dattawan Najeriya ta ambaci cewa ana shan kwalba miliyan 3 a kullum a jihohin Kano da Jigawa kaɗai. Jigawa kuwa ita ce maƙwabciyar Dungas. Duk Alhamis mutanenmu suna cin kasuwar Maigatari, kuma ta Tinkim a ɗan lokaci kaɗan ka taka ƙasar Katsina. Abin da aka dafa can, tururinsa yana iso mu.

Amma ga inda nake da ja da fim ɗin. Lokacin da ya zo kan waɗanda abin ya kama, sai ya kai mu gidan gyaran hali na Dorayi a Kano, muka ga samari ɗaure da sarƙa a ƙasa, wasu suna ihu. Gaskiya ce aka ɗauka, ba shiri ba ne. Sai dai hoton da ya zauna a kan mai kallo shi ke nan: sarƙa. Yaron da ke sha a ɓoye, in ya ga wannan, wane darasi zai ɗauka? Ba "bari in faɗa wa wani" ba. Zai ce, "Kai, in aka gane ni, ga makomata." Sai ya ƙara ɓuya. Wasanmu ya ba shi kabari, fim ya ba shi mari. Babu wanda ya nuna masa ƙofa.

Hani kuma shi kaɗai bai kashe wutar ba. A watan Fabrairu 2025, BBC ɗin dai ta sake fitar da wani bincike a kan ƙwayoyin da ake yi a Indiya ana turowa Afirka ta Yamma, haɗin tapentadol da carisoprodol, irin su Tafrodol, har gwamnatin Indiya ta hana haɗin. An toshe rami ɗaya, ruwa ya ɓullo ta wani. Muddin ƙishirwar tana nan, mai sayarwa zai samo sabon suna da sabon kwali.

To mece ce ƙishirwar? Nan ne wasanmu ya fi faɗuwa, don ba mu tambayi kowa ba, mun rubuta abin da muka saba ji ne kawai. Yayana bai fara don iskanci ba. Ya fara ne da damina, yana noman ƙodago a gonakin mutane daga hantsi har la'asar, wani abokin aiki ya ba shi ya ce tana kashe gajiya. Ta kuwa kashe. Da rani ya tafi cirani Kano yana dako, nan ma ita ce. Da ya dawo ya karɓi babur na haya, wanda kullum sai ya kai wa mai shi balas, ya ga in ya sha yana iya kaiwa dare. Ku duba fadarku da kyau: lebura, mai haƙar rijiya, ɗan kabu-kabu, ɗalibin da ke son kwana karatu ana gobe jarrabawa. Ba dukansu ne ke neman maye ba. Da yawa ƙarfi suke nema, ko barci, ko mantuwa.

Tramadol, wadda muke ce wa tramol, maganin ciwo ne na gaske, dangin su mofin, wanda likita ke rubutawa. Ƙwayar asibiti yawanci miligiram 50 ce ko 100, kuma ko mara lafiya ba a so ya wuce 400 a yini. Wadda ake shigowa da ita ta sumoga kuwa akwai mai 120, akwai mai 200, akwai mai 225. Jiki yana sabawa da ita, ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. In ta yi yawa tana kawo jijjiga kamar farfaɗiya, tana iya danne numfashi. Ranar da mutum bai sha ba kuwa, jiki ya tayar da bore: ciwon gaɓoɓi, zufa, hamma, zawo, rashin barci, faɗuwar gaba. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Shi ya sa "kawai ka daina mana" ba ta aiki. Mu a wasanmu mun mai da wannan azaba abin dariya. Wallahi ina jin kunya in na tuna.

Kuma a wasan babu mace ko ɗaya mai sha, sai uwa mai kuka. Alhali binciken da hukumar UNODC ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 da suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka duba, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Yarinyar da ke sha a cikin ɗaki ta fi namiji tsoron magana, don ita har aurenta abin zai ci. Mun bar ta a waje kamar babu ita.

Wannan hoto na "ɗan ƙwaya mahaukaci ne, sai ɗauri" yana da sakamako a zahiri. A watan Satumba 2019 ƴan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. A Oktoba aka bankaɗo irinsa a Daura da cikin birnin Katsina. Daura fa, nan kusa da mu. Iyayen da suka kai ƴaƴansu can ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Sun rasa yadda za su yi, kuma duk labarin da suka taɓa ji ya gaya musu hanya biyu ce: ɗauri ko mutuwa. Mu masu rubutu muna cikin masu ba su wannan labari.

Fim na biyu shi ne Zinder na Aïcha Macky, ƴar Damagaram, wanda ya fito a 2021. Ba fim ne a kan ƙwaya ba. Yana magana ne a kan samarin unguwar Kara-Kara, unguwar da tun da can aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, da gungun da ake kira "palais". Na san wasu abokaina ƴan Damagaram sun ji haushi, wai an ɗauki sunan gari sukutum an liƙa wa unguwa ɗaya, kuma ƙorafinsu yana da hujja. Duk da haka fim ɗin ya yi abin da muka kasa. Ta zauna da mutanen, ta bar su suka yi magana da bakinsu. Mun ga Siniya Boy da abokan ɗaga ƙarfensa suna fafutukar kafa kamfanin gadi don su samu halal. Mun ga Bawo, tsohon shugaban palais da ya koma sana'ar haya, yana faɗin munanan abubuwan da ya aikata, abin yana cin ransa. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma binne su ba. Ta nuna mutum a tsakiyar hanya: ya baro can, bai iso nan ba tukuna. Wannan tsakiyar hanyar ita ce mazaunin duk mai ƙoƙarin daina ƙwaya, ita ce kuma ba ta cikin wasanmu.

Bari in faɗa muku tsakiyar hanyar yayana, da izininsa. Wata rana ya faɗi da babur, jijjiga ta kama shi a bakin kasuwa. A gida baffanninmu suka ce a kai shi a ɗaure. Innarsa ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku bar mini ɗana." Ta kai shi wurin majo a CSI, ya faɗi gaskiyar ko nawa yake sha, aka tsara masa yadda zai riƙa ragewa a hankali, don yankewa farat ɗaya tana da haɗari. Makonnin farko inna ke kwana a bakin ƙofarsa. Ya bar tashar da ya saba tsayawa, ya koma wata, don a ta farkon mai sayarwa yana zaune ne kusa da mai shayi. Wani dattijo a masallacinsu, wanda bai taɓa yi masa wa'azi ko sau ɗaya ba, kullum bayan asuba sai ya ce, "Ɗana, ya ƙarfin jiki?" Yayana ya ce wannan gaisuwa ta riƙe shi fiye da duk faɗan da aka taɓa yi masa.

Ya koma sau biyu. Eh, sau biyu. Na biyun bayan wasanmu ne da ƴan makonni, kuma ban isa in rantse cewa ba mu da hannu a ciki ba. Amma komawa ba ita ce ƙarshen zance ba. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye suna komawa, adadin da bai wuce na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tasowa ba. Wa ya taɓa korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa? Malamanmu ma sun karantar da mu cewa haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba, mataki-mataki aka bi da mutane har suka bari. Yau yayana yana kan babur ɗinsa, yana ƙirga watanni, ba ya cika baki.

Saboda haka, ƴan'uwa ɗalibai, ga abin da nake roƙo kafin mu sake hawa fili. Mu je mu saurari wanda abin ya shafa kafin mu rubuta, in ya yarda, mu kuma rufa masa asiri. Mu daina igiya a ƙugu da toka a fuska. Mu nuna dalilin farawa, mu nuna mai cin riba. Mu rubuta dare na uku na mai dainawa, da uwar da ke bakin ƙofa, da abokin da ya ce "zo mu je CSI, ni zan raka ka." Mu rubuta komawa, mu rubuta sake tashi. Ban ce a ɓoye mutuwa ba, ƙwaya tana kisa, mun binne wasu. Amma mai kallo ya tashi ya san inda zai dosa: ma'aikacin lafiya na kusa da shi, asibitin gunduma, in abin ya yi tsanani a tura shi babban asibitin Damagaram. Ya kuma san cewa faɗa wa mutum ɗaya da ya amince da shi shi ne matakin farko.

Kai kuma da kake karanta wannan takarda da kati a aljihu, ban san sunanka ba, ba na kuma neman sani. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba ka makara ba.

Na fara gyara wasan. Fitowa ta ƙarshe da na rubuta na yage ta. A sabuwar, yaron bai mutu ba, bai kuma warke sarai ba. Yana zaune a benci a ƙofar CSI da sassafe, yana rawar ɗari, innarsa tana gefensa, ana jiran a kira suna. Na karanta wa yayana. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka ƙara masa ruwa a buta, ƙanena. A ranar nan ƙishirwa ake ji." Na ƙara.