Katin Talla a Matsayin Hujjar Tarihi: Sharhi a kan Tara Hotunan Taurarin Finafinai Marasa Magana

A Amurka da Turai akwai mutanen da suka mai da tara kayan tallar 'yan wasa mata na zamanin finafinai marasa magana abin sha'awarsu, wasu ma sana'arsu. Kayan sun haɗa da katunan da ake liƙawa a zauren gidan silima, mai inci 11 da 14, da ƙananan hotunan da ake sakawa cikin kwalin taba sigari, da katunan gidan waya irin na kamfanin Ross da ke Balin, da tsofaffin mujallu kamar Photoplay wadda aka fara bugawa a 1911. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne da'awar da masu tarawar kan yi, watau cewa su ne suka ceci tarihin waɗannan mata.

Da'awar ba ta rasa tushe ba. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929 sun salwanta. An ɗauke su ne a kan zaren naitiret, wanda yake ruɓewa in ya daɗe, ga shi kuma da saurin kama wuta. Da sauti ya shigo, kamfanoni ba su ga amfanin ajiye tsofaffin ba. Takarda kuwa, da yake ta bazu a hannun jama'a, sai ta tsira. Saboda haka ga finafinai da yawa, katin talla ne kaɗai shaidar da ta rage.

To, amma shaidar me? A nan ne nake ganin masu tarawa, har da wasu manazarta, suke yin tuntuɓe. Mu ɗauki Theda Bara. Sunanta na yanka Theodosia Goodman, 'yar wani tela, an haife ta a birnin Sinsinati a 1885. Masu talla na kamfanin Fox suka ce a Masar aka haife ta, ta tashi a Sahara, suka kuma baza cewa in an jujjuya haruffan sabon sunanta za su ba da kalmomin Turanci masu nufin mutuwa da Balarabe. (Wanda ya san Sahara da mutanenta ya dubi tufafin da aka sa mata, sai dai ya yi dariya.) Ta yi fim wajen arba'in, amma gobarar da ta cinye rumbun Fox a Niyu Jasi a 1937 ta tafi da mafi yawansu. Daga Cleopatra na 1917, guntaye ne kawai na 'yan daƙiƙoƙi suka rage. Sakamakon haka, abin da ake gani a yau shi ne matar da 'yan talla suka ƙera, mai baƙin kwalli da kallon tsoratarwa, tsaye cik. Motsinta da sarrafa fuskarta, waɗanda su ne ainihin fasahar ɗan wasan da ba ya magana, wuta ta ci. Wanda ya yanke hukunci a kan gwanintarta daga kati, ƙaryar kamfani ya karanta.

Ƙaryar kuwa tun farko take. A 1910 Carl Laemmle ya sa aka yaɗa cewa Florence Lawrence ta mutu a haɗarin mota mai tafiya bisa dogo, sa'an nan ya buga talla yana ƙaryatawa, don sunanta ya shiga bakin duniya. Ta rasu a 1938, kabarinta bai sami ko alama ba sai a 1991.

Akwai kuma illar kasuwa. Farashin gwanjo yana bin shahara da kyan hoto, don haka katin Louise Brooks ko Clara Bow yakan yi tsada, na ɗaruruwan mata da suka yi aiki tare da su kuwa ba mai tayawa. Sa hannun da ke kan hotunan ma, da yawa sakatarori ne suka yi, ko hatimi aka buga. Manazarcin da ya sami irin wannan kati ya fara da juya bayansa, ya ga wa ya buga shi, a wace shekara, kuma wa aka nufa da shi.