"Ya Tsallaka, Ya Canza Alama": Sharhi Kan Yadda Muke Koyar da Aljabara

Makonni biyu da suka wuce na je gaida yayata a Nassarawa GRA bayan sallar Magariba. Na tarar da 'yarta, wadda ke babbar sakandare, ta baje littattafai a teburin cin abinci tana ta goge-goge. Aikin gida aka ba su, tambaya goma, duk a kan alamar nan ta √ da ɗalibai ke gudu kamar sun ga maciji. Ta huɗun ce ta tsaya mata:

√(x + 7) = x + 1

Ta yi aikinta tsaf. Ta ninka kowane ɓangare da kansa, ta samu x + 7 = x² + 2x + 1, ta tattara komai gefe guda ya zama x² + x − 6 = 0, ta fitar da amsa biyu: 2 da −3. Sai ta ɗauki wayar mamanta ta haska tambayar da manhajar Photomath. Wayar ta ce amsa ɗaya ce, 2. Nan take ta sa kilina ta share −3.

Na ce, "Me −3 ta yi miki kika kore ta?"

Ta ce, "Kawu, ai haka wayar ta ce."

Na ce to me ya sa wayar ta ce haka? Sai ta ɗaga kafaɗa ta wuce tambaya ta biyar.

Abin da ya sa lamarin ya tsaya mini a rai shi ne inda ya faru. Idan ana maganar faɗuwar yaranmu a lissafi, mun saba ɗora laifin a kan aji mai ɗalibi ɗari, da rashin kujeru, da malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Duk gaskiya ne. Amma wannan yarinya makarantar kuɗi take zuwa, ajinsu bai kai mutum talatin ba, malamin lesin yana zuwa gida sau uku a mako, ga wutar sola ba ta ɗaukewa. An cire duk waɗancan uzurori, matsalar tana nan. Abin da ya rage kawai shi ne hanyar koyarwar kanta, kuma a kanta nake son yin magana.

Jumlar da ta raine mu

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san ta: lamba idan ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama, tarawa ta koma ɗebewa. Da ita aka koya mini, da ita aka koya wa yawancinku. Tana aiki kuwa a kan x + 3 = 10. Uku ta tsallaka, ta zama −3, amsa 7, kowa ya tafa.

Matsalar tana fitowa ne ranar da yaro ya haɗu da 2x = 10. A darasin bita da nake yi wa 'yan aji ɗaya na jami'a na sha ganin wanda ya rubuta x = 10 − 2, da wanda ya raba 10 da −2. In ka tambaye shi sai ya ce maka ai ta tsallaka, dole ta canza alama. Kuma ba za ka ga laifinsa ba, dokar da aka ba shi ya bi. A tambaya ta biyu ma ta aikin 'yar yayata, √(x + 5) = 4, ta zaro 5 daga ƙarƙashin alamar ta tsallakar da ita, ta samu x = 1 maimakon 11. Jumlar ba ta taɓa gaya mata cewa akwai lambar da ke ɗaure ba.

Gaskiyar magana, babu lambar da ke tsallakawa ko'ina. Alamar = sikeli ce, irin mai faranti biyu na masu sayar da nama. Abin da ka cire daga wannan faranti dole ka cire irinsa daga wancan, in ba haka ba sikelin ya karkace. A x + 3 = 10 mun ɗebe 3 daga ɓangarori biyun ne. A 2x = 10 mun raba su biyun da 2. Littafin New General Mathematics da yawancinmu muka tashi da shi ma da wannan hanya ta sikeli ya gabatar da darasin tun a ƙaramar sakandare. A bakin allo ne muka gajarta bayanin har ya koma waƙa.

Mai ɗori daga Bagadaza

Abin mamaki, wanda ya ba fannin sunansa da baki ya koyar da shi. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babu x ko √ ko = a cikinsa ko ɗaya. Komai da kalmomi ne. Abin da ba a sani ba ya kira shi "shai'", wato abu, ko "jizr", wato saiwa. In an ninka shi da kansa ya zama "mal", dukiya. Ita kanta kalmar "al-jabr" da ta zama aljabara, a Larabci tana nufin gyara abin da ya karye, aikin mai ɗori ke nan: ɓangaren da aka rage wa wani abu sai a cike masa, a ƙara wa ɗaya ɓangaren daidai da haka. Babban kaso na littafin kuwa a kan wasiyya da rabon gado yake, lissafin da malamanmu na zaure suke yi har gobe.

Alamar √ sai a 1525 ta fara fitowa a bugaggen littafi, na wani Bajamushe Christoph Rudolff. Alamar = kuma Robert Recorde ne ya kawo ta a 1557. Wato an yi shekara kusan 700 ana aljabara da zance kafin alamomin su zo, kuma sun zo ne don su taƙaita bayanin da mutum ya riga ya gane. Mu kuma mun juya abin: muna miƙa wa yaro taƙaitawar tun bai ji bayanin ba.

Har kalmar "surd" da ke kan babin a littattafansu tana da labari. Larabawa sun kira lamba irin √2, wadda ba ta rubutuwa a matsayin lamba kaza bisa lamba kaza, da suna "asamm", kurma. Masu fassara zuwa Latin suka ce "surdus", shi ma kurma. Da na gaya wa yarinyar haka dariya ta yi, ta ce shi ya sa ba sa jin magana.

Daga ina baƙuwar amsa ta shigo?

Mu koma kan −3. Saka ta cikin tambayar asali. Hagu: −3 + 7 = 4, saiwarsa 2. Dama: −3 + 1 = −2. Biyu da −2 ba ɗaya ba ne, don haka −3 ta faɗi. Saka 2 kuma: hagu √9 = 3, dama 3. Ta zauna daram.

To ta yaya aka yi aiki ba kuskure amma aka samu amsar da ba daidai ba? Sirrin yana wurin ninka kowane ɓangare da kansa. Wannan mataki yana shafe alama. 2 da −2 sun bambanta, amma in ka ninka kowanne da kansa duk 4 za su ba ka. Saboda haka x + 7 = (x + 1)² uwa ce ga tambayoyi biyu: tamu, da wata maƙwabciyarta, −√(x + 7) = x + 1. Gwada −3 a wannan ta biyun ka gani: −2 = −2. Ashe amsar gidan maƙwabta ce ta shigo mana. Dalili kuwa, masana lissafi sun yi ittifaƙi cewa alamar √ saiwar da ba ta ƙasa da sifili kaɗai take nufi. x² = 9 tana da amsa biyu, 3 da −3, amma √9 uku ce kawai.

Akwai kuma kishiyar wannan. A x² = 5x, ɗalibi zai ce x ta kashe x, amsa 5. Ya manta da sifili, wadda ita ma amsa ce, domin raba ɓangarorin da x yana nufin ka riga ka yanke hukunci cewa x ba sifili ba ce. A can baƙuwa ta shigo, a nan 'yar gida ta ɓata. Wanda ya ɗauki aljabara a matsayin kwashe lambobi daga nan zuwa can ba shi da hanyar lura da ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da magini ya sani

Kuskure na uku da na gani a littafinta shi ne √(9 + 16) = 3 + 4 = 7. Amsar 5 ce, don 9 + 16 = 25. Duk maginin da ya taɓa fitar da kusurwar ɗaki da tef ya san wannan ko bai taɓa ganin alamar ba: ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, in tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwa ta miƙe. Bakwai ita ce tafiyar wanda ya bi ta jikin bango biyun, biyar ta wanda ya yanke. Yaron da ya ga wannan sau ɗaya a filin makaranta da wuya ya sake raba saiwa a kan tarawa.

Haka batun mayar da 1/√2 zuwa √2/2, wanda ake ba yara shafi guda su yi ba tare da an ce musu ga amfaninsa ba. Kafin zuwan kalkuleta, raba 1 da 1.414 da hannu wahala ce, raba 1.414 gida biyu kuwa ko a ka sai ka yi: 0.707. Dalili mai sauƙi, minti ɗaya ya isa a faɗe shi.

Su kansu lambobin kurame suna cikin gidajenmu. Takardar A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Raba 297 da 210 ka samu 1.414, wato √2, kuma shi ya sa in ka naɗe ta biyu take ba ka takarda mai siffa iri ɗaya. Wutar NEPA da muke cewa bolt 230 ce, ƙololuwar kaɗawarta tana kai wa 230 sau √2, kusan 325. Wutar layi uku da injinan Sharaɗa da Bompai ke amfani da ita kuma 230 sau √3 ce, kusan 400. Duk mai son zama injiniyan lantarki da waɗannan lambobi zai ci abinci.

A yi wa malamai adalci

Na san abin da malamin aji zai ce mini, kuma yana da hujja. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Ba wanda zai zana sikeli a daƙiƙa 40. Ga manhajar karatu mai tsawo da dole a gama kafin WAEC da NECO, ga iyaye da ke auna makaranta da yawan A da B. A irin wannan yanayi gajeriyar hanya dabarar tsira ce, kuma ni ma yau in ina aikina tsallakar da lambobin nake yi, ba na tsayawa dogon bayani.

Inda na saɓa da su shi ne jerin abubuwan. Gajeriyar hanya tana da amfani ga wanda ya san doguwar, don in ta ɓace masa zai iya komawa. Kuma ko a ma'aunin jarrabawar kanta hanyar haddar tana cutar da yaro. Mai tsara tambayar zaɓi ya san da baƙuwar amsa sarai, ba abin da zai hana shi ajiye "2 ko −3" a matsayin tarko. Ga mai son likitanci ko injiniya, rasa kiredit a lissafi na nufin zaman gida na shekara guda da sake biyan kuɗin jarrabawa. Wanda ya tsallake da hadda kuma yana zuwa ya same mu a aji ɗaya na jami'a, inda lissafin ke hawa kan wannan harsashi.

Ita ma waya ba ita ce abokiyar gaba ba. Photomath tana nuna matakai ga wanda ya buɗe su. Yarinyar layin ƙarshe kawai ta duba, saboda tun farko an saba mata cewa amsar ce ake ba maki. Da can bayan littafi muke leƙawa, yanzu waya suke haskawa. Halin dai ɗaya ne.

Abin da za a iya farawa da shi gobe

Na farko, malami ya ware maki na musamman ga gwada amsa. Duk tambayar da ke da alamar saiwa, wanda bai mayar da amsarsa cikin tambayar asali ba bai gama ba. Wannan ba ya buƙatar ko sisin kwabo.

Na biyu, a bar yaro ya faɗi matakin da bakinsa, da Hausa in ita ce ta fi masa sauƙi. "Na ɗebe uku daga ɓangarori biyun." In ya kasa faɗa da harshen da yake mafarki da shi, to Turancin da ya rubuta kwafe ne. Makarantun da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji suna rufe wa kansu hanya mafi sauƙi ta gane ko ya fahimta.

Na uku na iyaye ne, har da waɗanda suka manta lissafin gaba ɗaya. Ba sai kin iya aljabara ba, Hajiya. Ki nuna layi ɗaya a littafin ki ce, "Me ya sa wannan ya zama wannan?" In amsar ita ce "haka malam ya ce" ko "haka wayar ta ce", to kin san abin da za ki tattauna da malamin lesin kafin ki biya kuɗin wata.

Kafin in bar gidan a daren nan na rubuta wa 'yar yayata wata tambaya a bayan takarda, na karɓe wayar: √(3x + 4) = x. Ta fitar da amsa biyu, ta kalle ni, na yi shiru. Sai ta fara gwada su ɗaya bayan ɗaya, can ta ce, "Kawu, wannan ta maƙwabta ce." Ku ma ku gwada ta, ku ga wace ce ta kora kuma me ya sa.