Ɗakin Kwana da Ɗakin Cin Abinci Su Ma Aji Ne

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantun kiɗa na hutun bazara a Amurka da Turai, wasunsu suka koma koyarwa ta intanet, ake ta jin wata magana: wai me zai sa a kwashi yaro da gogensa a kai shi ƙauye ya yi mako shida ko bakwai, a biya kuɗin gado da abinci da wanki, alhali malami zai iya sauraronsa ta kwamfuta? Wannan magana tana damuna ƙwarai, don ina ganin masu yin ta sun ɗauka darasi shi ne makarantar. A wajena darasin sa'a guda shi ne mafi ƙanƙantar abin da yaro ke samu a irin wuraren nan.

Dubi Interlochen, sansanin da Joseph Maddy ya kafa a 1928 a jihar Mishigan, tsakanin tabkuna biyu, cikin dogayen itatuwa. Da busar ƙaho ake tashin yara da sassafe. Su gyara gadajensu, su share ɗakin katakon da suke kwana a ciki, su sa kaya iri ɗaya, riga shuɗiya mai haske da wando mai duhu, ɗan mai kuɗi da wanda aka ɗauki nauyinsa ba ka bambancewa. Ga ƙananan ɗakunan atisaye warwatse a gindin itatuwa. Yaron da ya bi ta tsakaninsu zuwa karin kumallo zai ji wata sa'arsa tana maimaita layi ɗaya na kiɗa, a hankali, har sai ya zauna mata a yatsu. Babu wanda ya ce masa ga yadda ake atisaye. Kunnensa ne ya ɗauka.

Meadowmount, wadda Ivan Galamian ya buɗe a 1944 a yankin duwatsun jihar Niyok don masu goge, ta fi tsanani: sa'a biyar ta atisaye kowace rana. Shahararrun makaɗa Itzhak Perlman da Yo-Yo Ma duk sun bi ta nan. Sa'a biyar a gida, ga waya a hannu, ga aike, ga ƙanne, kusan ba ta yiwuwa. A inda kowace ƙofa ke fitar da sautin goge kuwa, zama haka kawai shi ke zama abin kunya.

Amma wurin da ya fi ƙarfafa mini ra'ayina shi ne Marlboro, a jihar Bamont. Mai fiyano Rudolf Serkin da surukinsa mai goge Adolf Busch suna cikin waɗanda suka kafa ta a 1951. Tsarinta shi ne a haɗa gwanin da duniya ta sani da matashi mai tasowa a cikin 'yar ƙungiya guda, su huɗu ko biyar, su yi ta aiki a kan kiɗa ɗaya makonni, ba tare da an tilasta musu fito da shi gaban jama'a ba. Kaɗan ne daga abin da suka yi atisaye a kai ke kaiwa dandali. Sannan kowa a ɗaki ɗaya yake cin abinci, da iyalai da yara, kuma makaɗan da kansu ke karɓa-karɓa wajen hidimar tebur. Kada a raina wannan. Matashiyar da ke jin nauyin buɗe baki gaban dattijon da ta girma tana sauraron faya-fayensa, idan ta gan shi jiya yana kwashe kwanuka, yau za ta iya ce masa, "Malam, ina ganin nan wurin mun yi sauri." Kiɗan mutum huɗu ba shi da jagora mai sanda, da sauraron juna ake yin sa, kuma mutum ba ya sauraron wanda yake tsoro sauraro na gaskiya. Shahararren makaɗi Pablo Casals ya riƙa zuwa Marlboro daga 1960 har shekarar rasuwarsa, 1973, yana tsoho tukuf. Abin da matasan wancan lokaci suka samu a wurinsa, rabinsa a zaman tare ne.

Mu ma a ƙasar Hausa haka muka san abin. Ɗan amshi ba a aji yake koyon inda zai karɓi waƙa ba. Bin ubangidansa yake yi gari gari, ya ɗauki kalangu, su ci tuwo tare, har ya san numfashin maigidan kafin ya saki baiti.

Ba na cewa zaman nan ba shi da wahala. Akwai yaron da kewar gida ke hana shi barci. Akwai ciwon hannu da kafaɗa ga wanda ya tashi daga atisayen sa'a ɗaya zuwa biyar dare ɗaya, kuma makarantar da ba ta sa ido a kan wannan ta ci amanar iyaye. Danshin iska yana sa katakon goge ya kumbura, tsirkiya ta saki. Gasar neman kujerar gaba a babbar ƙungiya tana karya zuciyar wasu. Sai kuma kula da tarbiyya da tsaron yaran da aka raba da iyayensu, wanda shi ne nauyi mafi girma a kan duk mai riƙe da irin wannan wuri.

Babbar hujjar masu son intanet ita ce kuɗi, kuma hujja ce ta gaskiya. Gado da abinci na makonni suna da tsada, ga kuɗin jirgi, ga biza ga wanda zai taso daga Legas ko Akara. Darasi ta kwamfuta ya buɗe wa irin wannan yaro ƙofa, kuma ina murna da haka. Sai dai ina tsoron a wayi gari ɗan mai hali ne ke kwana a sansani yana cin abinci da gwanaye, ɗan talaka kuma an sallame shi da allon waya an ce an yi masa adalci. Makarantar kiɗa ta Tanglewood, wadda Serge Koussevitzky ya kafa a 1940 a Masacusets, kuma shahararren makaɗi Leonard Bernstein yana cikin ɗalibanta na farko, ta nuna wata hanyar: matasan makaɗan da ta zaɓa ba sa biyan kuɗin karatu ko na masauki ko na abinci, masu ba da gudummawa ke ɗauka. Duk makarantar da ke neman rage kashe kuɗi, ta rage a wajen ado da gayyato manyan baƙi na kwana ɗaya, ta ƙara yawan gadajen da take bayarwa kyauta.